Shekarar Da Na Sa Kwalbati Gaban Kawu Sale

Kun sha jin 'yan babur suna kirana Baba Labari-Gaba, kuma na san wasunku ba sa son sunan. Na kuma san abin da ake faɗa a dangi, wai akwai shekarar da na yi wa Kawu Sale rashin kunya har ya yi fushi da ni damina guda. Wasu ma sun ƙara gishiri sun ce a kan gona ne. Babu gona a ciki. Tunda yanzu na kai shekarun da mutum ke neman makullin babur alhali yana hannunsa, gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun kaina yana riƙe da shi, don kada bayan raina ku ji shi a bakin wanda ba ya wurin.

Da Kawu zan fara, don ko a takarda ba na son in sake sa wani abu a gabansa. Ƙanen mahaifiyata ne, yana zaune a wani ƙauye ta wajen Janfalan, tafiyar rabin awa daga gidanmu na Paki idan hanya ta yi kirki. Shi ne farkon wanda ya sayi babur a duk yankinsu, zamanin da mutane ke fitowa ƙofar gida don su ga wucewarsa. Da mahaifina ya rasu ina da shekara goma sha huɗu, Kawu ne ya tsaya mana, ni da kakarku. Shi ya koya mini tuƙi a filin idi, yana riƙe da kariyar bayan babur yana gudu a bayana yana zagina, ranar da na shige gonar gyaɗar mutane kuwa shi ya je ya ba da haƙuri. Shi ya nema mini auren innarku. Mutum ne mai faɗa, mai son a girmama shi, mai kyauta kuma har ta yi yawa. A shekarar da nake ba ku labari ya haura tamanin, ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, babur ɗin yana jingine a soronsa an rufe shi da tsohuwar tabarma. Amma duk Juma'a sai an fito da shi an tayar, an bar shi ya yi ɗumi, wai kada injin ya saba da kwanciya.

Zauren masu babura kuwa Sani Bakanike ne ya buɗe shi, wanda ke da rumfar gyara a Makarfi. A cikin waya yake, inda mutum ɗaya zai yi magana kowa ya ji. Ya buɗe shi ne a shekarar da fetur ya yi wuya, don a riƙa sanar da juna inda ake samu da inda ake algus. Kafin a ankara mutanen Ikara da Makarfi da Kudan sun cika shi: 'yan acaɓa, manoma irina, malaman makaranta, masu dakon rake da mazarƙwaila, har da limamai biyu. Yawancinmu ba ma rubutu, dannawa muke yi mu yi magana. Ni da na yi shekara arba'in a kan babur na shiga da tunanin ni zan koyar, sai ga ni ina koyo. A nan na ji cewa idan ka tsallake ruwa ka riƙa ɗan matsa birki kana tafiya har ya bushe. A nan na ji cewa babur ɗin da ya sha ruwa ba a buga masa kik, sai an kwance filogi an zazzage shi tukuna, in ba haka ba ka jawo wa kanka aikin inji. Wani zai ce a guji mai kwalabe na mararraba kaza, fetur ɗinsa warin kalanzir yake. Wani zai ɗora hoton babur ɗin da aka sace a ƙofar masallaci, kafin la'asar a ce an ga ana tura shi a wajen Kudan. Akwai kuma masu cika mu da tallan maganin basir, waɗannan Sani ke fama da su. Na ji daɗin zauren nan ƙwarai, har yanzu ma ina ji.

Aikina a ciki ɗaya ne. Gonata tana bakin kwalbatin da muke ce wa ta Tsamiya Biyu, a kan hanyar yanke da masu kaya ke bi tsakanin Makarfi da Paki. Da damina rafin wurin ba shi da alƙawari, yau ka wuce ƙafarka a bushe, gobe ruwa ya hau kan kwalbatin har gwiwa. Don haka kullum idan na idar da sallar asuba sai in hau babur in je in duba, in faɗa wa zaure. To amma ni an rene ni a gidan da ko saƙon mutuwa aka aiko ka da shi sai ka durƙusa ka gaisa tukuna. Yaya za a yi in buɗe baki a wurin da Kawu yake ji, da limamai, da sa'o'in mahaifina, in fara da maganar ruwa? Sai in yi sallama, in gai da Kawu Sale, in tambayi kwanansa da ƙarfin jikinsa da gwiwar nan, in sauko kan limamai, in bi dattawa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon shekarunsu, in yi wa marasa lafiya sannu, in yi wa waɗanda aka yi wa haihuwa barka. Ran da na tsallake wani Alhaji bisa mantuwa, sai da ya aiko a tambaye ni ko ya yi mini laifi. Labarin kwalbati yakan zo ne a can ƙarshe, bayan minti huɗu ko biyar.

Wata rana na kai wa Sani gyaran sarƙa, yana tsugune yana ɗaure noti ya ɗago kai.

"Baba Habu, don Allah a ɗan rage gaisuwar nan. Yara suna ƙorafi. Mutum yana kan babur, ga lodi, ga data tana tafiya."

"Yaran su koyi haƙuri," na ce masa. "Mu da aka yi mana tarbiyya ba mu mutu ba."

Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa, ni kuwa na tafi ina jin na faɗi magana.

Abin da ya ƙara ɗaure mini gindi shi ne Kawu. Ɗansa da ke aiki a Zariya ya saya masa waya, Sani ya sa shi a zauren don girmamawa, shi kuma ya koyi wuri ɗaya da ake dannawa. Kullum da safe tsofaffin unguwarsu sukan taru a dakalin ƙofar gidansa, sai ya ƙure ƙarar wayar ya ɗaga ta sama. Idan sunansa ya fito sai ya dubi na dama ya dubi na hagu ya ce, kun ji, Ikara da Makarfi da Kudan duk suna saurare, da ni aka fara. Har amsawa yake yi, lafiya lau, da sauƙi, alhamdu lillahi, kamar ina gabansa. Da aka ba ni wannan labari na ji daɗi har raina, na ƙara wa gaisuwar tasa tsawo.

A haka muka ci damina ɗaya, muka shiga ta biyu. Cikin marka, masara ta fara goyo, aka kwana ana ruwa. Da na isa Tsamiya Biyu da safe sai na tarar da ɓarna. Ruwa ya cinye rabin kwalbatin ta ɓangaren Makarfi, ya bar rami mai zurfin tsayin mutum, kuma daidai bayan kwana yake, inda mai gangarowa ba zai gani ba sai ya zo kai. Na sare ƙaya na tare hanya ta ɓangarena. Ɗaya ɓangaren ba ni da ikon tsallakawa, rafin ya cika ya batse. Na ciro waya. Wallahi na san abin da ya kamata in fara faɗa, amma da na danna sai bakina ya bi hanyar da ya saba. Na gai da Kawu. Na gai da limamai. Na yi sauri dai, amma ban tsallake kowa ba. Sannan na ce kwalbati ta karye, kada kowa ya biyo. Na tura, na tsaya a bakin ruwa ina jiran ko wani zai ɓullo in ɗaga masa hannu.

Ban fi minti ashirin a tsaye ba na ji ƙarar babur daga saman gangaren ƙetare, da gudu irin na mai son ya riski mota. Na yi ihu, na cire hula ina kaɗawa, ƙarar ruwa ta danne muryata. Isuhu ne, mutumin Likoro, magidanci mai 'ya'ya uku, ɗauke da buhu biyu na attarugu zai kai inda motar Kano ke lodi. Ya karyo kwana, ya gan ni, ya ga ramin, ya taka birki, tayar ta ja a taɓo. A kan idona ya tafi ciki, shi da babur da kaya. Masu gonakin ƙetare ne suka ciro shi da igiya. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Ran na huɗu na je Likoro dubiya. Na same shi kwance a tabarma an yi masa ɗori, bayan mun gaisa na tambaye shi abin da ke cina.

"Isuhu, ba ka ga saƙona ba ne ran nan?"

"Na gani, Baba. Na ma buɗe."

"To me ya faru?"

Ya rage murya, don ba ya son ya ba ni kunya a gaban mutane.

"Na ga minti huɗu ne da wani abu. Na ji ka fara da Kawu Sale kamar kullum, ka sauko kan liman. Sai na ce tunda Baba ya tsaya gaisuwa, ai hanya lafiya. Na sa wayar a aljihu. Laifina ne, Baba, da na ƙarasa ji."

Bai zarge ni ba, matarsa ma har fura ta dama mini. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na hau babur na dawo, tun daga Likoro har Paki maganar nan ce a kunnena. Yaron bai yi wauta ba. Duk mai hankali zai ɗauka cewa wanda ya ga rami a hanya ba zai tsaya tambayar gwiwa ba.

Washegari na tsaya a bakin rafi na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na ce, salamu alaikum, kwalbatin Tsamiya Biyu har yanzu a karye take, a zagaya ta titi, ruwa bai janye ba. Sannan na numfasa na ce, Kawu, barka da asuba, na bi gaisuwata har ƙarshe ban rage komai ba. A zatona na raba gardama. Sani ya turo cewa Allah ya saka da alheri, samari suka yi ta sa albarka, a ranar ne wani ɗan acaɓan Ikara ya laƙaba mini Labari-Gaba. Kafin azahar kuwa sai ga ƙaramin rubutu a tsakiyar zaure, irin wanda waya ke yi da kanta, kowa yana gani: Kawu Sale ya fita. Daga baya na ji yadda aka yi. Tsofaffi sun taru, ya ɗaga waya kamar kullum, sai aka ji kwalbati. Wani abokin wasansa ya ce, a'a Sale, yau an sauke ka ke nan? Kawu ya kashe wayar nan take, bai kai inda na gaishe shi ba. Shi ma dai bai ƙarasa ji ba, kamar Isuhu. Ya sa maƙwabcinsa ya fitar da shi daga zauren.

Da la'asar na tafi. Na same shi a soro shi kaɗai, kusa da babur ɗinsa, na durƙusa.

"Kawu, barka da yamma."

"Wane labari?" ya ce, bai dube ni ba. "Ai na ji yanzu da shi ake farawa."

Na kwashe zancen Isuhu na faɗa masa, na ce kuma na gaishe shi a saƙon, ya kunna ya ji. Ya bar ni har na gama.

"Na ji, Allah ya ba shi lafiya. Amma ni na goya ka a bayan babur kana majina, yau ni za ka jera bayan kwalbati? A gaban duniya? Gaisuwar da ta zo bayan an gama magana ai saura ce. Ka mayar da ni inda nake, ko ka bar ni da Allah."

"Kawu, ka yi mini rai. Rayukan mutane ne."

"To je ka wurin mutanen."

Ya juya fuska bango. Ban taɓa fita gidan nan ba a ce mini in gai da gida ba sai ranar. Na ji zafi, na kuma ji haushi, ba zan ɓoye muku ba, a hanya har cewa na yi a raina tsufa ne da son girma. Amma tsoro ya fi yawa. Mutum ya haura tamanin, yau lafiya gobe ciwo. Idan Allah ya ɗauke shi yana fushi da ni, ban san inda zan sa kaina ba.

Dangi suka sa ni a gaba. Ɗansa ya kira daga Zariya ya ce, Yaya, minti ɗaya ne fa, ka fara da shi kaɗai sannan ka faɗi labarinka. Na yi wannan tunanin ni ma. To idan na fara da Kawu, liman fa? Idan na sa liman, Alhajin nan mai aike fa? Kuma samari sun riga sun saba, idan muryata ta fara da gaisuwa to hanya lafiya, waya ta koma aljihu. Mako biyu ina tura labari gaba kullum da safe. 'Yan zaure suna yabona, ni kuwa ko amsa su ba na iya yi. Ran nan dai na gaji, na shigo innarku tana gaban murhu tana dama koko, na ce mata gobe zan mayar da Kawu inda yake, kowa ya yi ta kansa.

"Malam, ƙafar Isuhu ko takawa ba ta fara ba."

"To yaya kike so in yi? In bar shi ya tafi da ni a ransa?"

Ta ci gaba da juya ludayi ta ce:

"Ni tambaya ɗaya zan yi. Kafin wayar nan ta zo, yaya kake gai da Kawu?"

"Zuwa nake yi mana."

"To in ban da ran da ka je ba da haƙuri, yaushe rabonka da gidan?"

Na lissafa a raina. Ƙaramar salla, babbar salla, sai wata ta'aziyya. Ni da a da ba na haɗa mako ban je ba. Tun da na fara gaishe shi a zaure na ɗauka na sauke nauyi, ina tsaye a gonata ina tura masa murya ina jin ni mai zumunci ne. Kawu kuwa abin da ya rage masa ke nan daga gare ni, shi ya sa ya riƙe shi da hannu biyu. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a gaban Isuhu. Innarku ta miƙo mini kokona. Kun san halinta, idan ta faɗi tata ba ta tsayawa duba fuskar mutum.

Daga washegari na sake tsari. In duba kwalbati, in tura labari, gaisuwa a bayansa, sannan in juya babur in nufi Janfalan. In isa tsofaffi suna kan dakali, in kafe babur, in cire takalmi, in durƙusa a gaban Kawu kowa yana gani, in gaishe shi tun daga kwana har gwiwa. Ranar farko kalmar lafiya ɗaya tak ya ba ni amsa. Ta biyu ma haka. Na yi mako ina karɓar lafiya ɗaya kowace safiya kamar mai karɓar ƙwayar magani. Abin bai zo da sauƙi ba. Hanya taɓo ce, ni ma gwiwar tawa ba ta yaro ba ce, ga ciyawa ta samu sake a gonar barkono don sai hantsi ya ɗaga nake dawowa. Barkonon shekarar nan rabi na samu, ku da kuka yi ta tambayar dalili a lokacin, ga shi yau kun ji. A mako na biyu ya fara ce mini ya hanya. Ran wata Juma'a ya ce wa bango, ba ni ba, wai babur ɗin nan ya kwana biyu ba a tayar da shi da kyau ba. Na tashi na yaye tabarma, na goge filogi, bugu biyu ya kama. Ya karkata kai ya saurari injin, ya ce iska ta yi masa yawa, wa ya koya maka aiki? Amma zancen zaure bai yarda an tayar ba, kuma sunana bai sake kamawa ba. Kai yake ce mini, ko wannan.

A tsakanin nan 'yan zaure suka yi abin da har yau nake alfahari da shi. Sani ya ɗauko babur ɗin Isuhu ya zazzage shi ya tayar, wasu suka yi masa noman gonarsa, ran wata Asabar kuma aka yi gayya aka cike Tsamiya Biyu da duwatsu da buhunan ƙasa. Kowa ya koyi sa labari gaba. Da safe sai ka ji, salamu alaikum, itace ya faɗi a hanyar kaza, ko an kawo fetur a wuri kaza, sannan mutum ya yi gaisuwarsa iya son ransa. Ni na jawo wannan, amma daɗinsa bai kai mini zuci ba, don wanda nake so ya ji ba ya ciki.

Wajen ƙarshen damina, an fara karyar masara, aka sake yin wani ruwa mai nauyi, gari ya waye ranar kasuwar Makarfi. Na duba Tsamiya Biyu na ga ta riƙe, na sanar, na kama hanya. Tun daga nesa na hango abin da ban taɓa gani ba, Kawu a tsaye a tsakiyar hanya, dogare da sanda, babu ko hula, tsofaffi biyu suna riƙe da shi. Na kafe babur, na fara cire takalmi.

"Kawu, barka da..."

"Bar gaisuwar nan! Ina wayar? Tun ɗazu nake jiranka, ka tsaya kana tafiya kamar mai rakiyar amarya."

Ashe wata mai tallan nono ce ta biyo ta gangaren makabartarsu da sassafe, ta ce ta ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin hanya, sama kuwa ba abin da ya same shi. Sauran tsofaffin ba su ɗauke shi komai ba. Kawu ya san wurin, shekaru masu yawa da suka wuce ya taɓa ruftawa da shi da babur ɗinsa. Ya riga ya tura magidanta biyu su tare hanyar da ƙaya, amma mai lodin hatsi idan ya kama gangaren nan birki ba ya tsayar da shi, ga shi ranar kasuwa. Tasa wayar tana aljihunsa, amma ya fita daga zaure, ba shi da inda zai faɗa. Na ce bari in sanar, ya ce ni na san wurin ko kai? Na buɗe masa tawa, na ɗora yatsansa a kan inda ake dannawa, na kai wayar bakinsa.

"Salamu alaikum. Gangaren makabarta ta wajen Janfalan, ƙarƙashin hanya ya rarake, sama ne kawai ya rage. Kada mai lodi ya biyo, a zagaya ta bayan makaranta. Sale ne ke magana."

Ya tsaya yana haki. Sannan ya dube ni da idon nan nasa da ya yi fari-fari.

"To Habu, yanzu durƙusa ka gaishe ni da kyau."

Sai a lokacin ya ɗage yatsansa, saƙon ya tafi da duk abin da ke ciki. Ban lura ba, don na riga na kai ƙasa, hawaye ya cika mini ido. Wata biyu rabon da in ji sunana a bakinsa. Na gaishe shi tun daga kwana har gwiwa, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi innarku, ya tambaye ku da sunayenku. Wayar kuwa tana ta ƙara a hannunsa. Da na duba, zaure ya kaure da dariya da kabbara. Wani ya ce Baba Habu a durƙusa da kyau, muna jira. Liman ya sa wa Kawu albarka. Isuhu daga kan tabarmarsa ya turo cewa wannan kam ya ji shi har ƙarshe. Kafin azahar gangaren ya rufta da kansa, babu kowa a kai.

"Kawu, ka san kowa ya ji abin da ka ce mini?"

"Su ji mana. Ƙarya na yi?"

A ranar ya sa na kira Sani aka mayar da shi zaure, amma ya kafa mini sharaɗi, wai kada in ga ya dawo in ce na huta da zuwa.

Ban huta ba. Wata bakwai na samu ina zuwa bayan wannan, mun sha hira irin wadda ban taɓa yi da shi ba, labarin kakarku tana yarinya, da yadda ya sayar da shanu biyu ya sayi babur ɗin nan mahaifinsa ya yi wata ba ya yi masa magana. Ya rasu cikin bazara, ran wata Talata da hantsi, na gaishe shi da safen ranar ya amsa. 'Yan zaure suka zo jana'iza, babura tun daga ƙofar gida har bakin hanya, Isuhu yana cikin masu ɗaukar makara da ɗingishinsa. Babur ɗin Kawu kuwa ni ya bar wa. Shi ne wanda kuke gani a soronmu, shi ya sa nake tayar da shi duk Juma'a.

Ɗingishin Isuhu ba zai tafi ba, kuma ina da hannu a ciki, wannan na roƙi gafararsa na kuma kai wa Allah. In ban da shi, ba ni da abin da nake nadama a shekarar nan. Har gobe labari nake sawa gaba, sunan kuma na karɓe shi, ku ma ku daina ɓata rai idan an kira ni da shi. Abu ɗaya nake roƙonku. Kullum kuna cewa wayata ta cika, a goge tarkace ko a saya mini sabuwa. Ku goge duk abin da kuka ga dama, hotunan babura da tallan maganin basir, amma akwai wani ɗan gajeren saƙo da na sa wa tauraro, wannan ku bar mini shi. Wani lokaci idan na tura labarin safe, na ga hanya lafiya, nakan zauna a bakin kwalbati in kunna shi, kuma ban taɓa kashewa ba sai ya kai inda ya kira sunana.